Tsakuwa Shida a Aljihun Baba

Keffi, 6 ga Oktoba

Yaya Ishaku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kuna lafiya. Tunda ka toshe lambata, na ba Ɗayyabu direban motar doya wannan takarda, ya ce ya san shagonka a Agege. Ita takarda ai ba ta da wurin toshewa.

Baba ya makance gaba ɗaya tun bayan babbar Sallah. Tsufa ya kwashe masa abubuwa da yawa, har sunayen jikokinsa, amma bai taɓa masa kurket ba, wasan nan na sanda da ƙwallo. Duk mako sai ya ce a kai shi filin kulob ya saurari wasa. Na kasa gaya masa cewa filin da ya shekara talatin yana ba ruwa yana daddaɓewa an yanka shi fuloti-fuloti. Inda ake shimfiɗa tabarmar wasa, injin buga bulo ne a wurin yanzu. Mangwaron da muke zama a gindinsa muna kallo shi kaɗai ya rage.

Ga abin da nake yi, in ka ga dama ka yi mini dariya. Na ce masa an maida wasa ranar Lahadi, don ranar masu bulo ba sa aiki. Malachi abokin wasanka, in ya taso daga coci, sai ya zo da tsohuwar sandar bugu da ƙwallo, ya tsaya can nesa yana ƙwanƙwasawa, ni kuma ina gefen Baba ina ba shi labarin abin da wai ke faruwa a fili. Da tsakuwar nan shida ta alƙalancin wasa Baba yake zuwa. Duk jifa ɗaya ya ɗauke ɗaya daga aljihun dama ya sa a na hagu, in sun cika shida ya ce a juya. Ranar kaɗai yake cinye tuwonsa.

To labarina ya ƙare, Yaya. Ka san ni, a lokacin, mai alawa nake kallo, ba wasa ba. Malachi kuwa a bakinsa duk wasan da aka yi a duniya shi ya ci. Kai ne ba ka mantuwa. Ka rubuto mini wasannin da muka kalla muna yara, in riƙa juya masa su kamar sababbi. Ban ce ka zo ba, na gaji da faɗar wannan.

Ƙanwarka,
Adama

Legas, 15 ga Oktoba

Adama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Allah ya ba shi sauƙi.

Abin da kika nema ga shi. Ki fara masa da ƙanshin ƙasa da safiyar Asabar, bayan ya yayyafa ruwa ya ja gangar ƙarfen nan a kai. Ki ce 'yan Jos sun zo a bayan babbar mota, fararen kayansu sun sha bula. A cikinsu akwai wani dogo mai jifa da hagu, wanda ya karya ɗaya daga turakun nan uku na bayan mai bugu har aka tsaya neman kafinta. Ina shekara bakwai a ranar, na ɓoye guntun itacen a ƙarƙashin tabarmata har gara ta cinye shi. Akwai kuma ranar da aka ɗaga ƙwallo ta faɗa cikin mangwaro, ta kakkaɓo nunannu, 'yan kallo suka bar wasa suka bi mangwaro. Ke kika samu uku, kika hana ni ko ɗaya. Kada ki manta da hutun shayi, yana son a ce an ba alƙali kofi na farko.

Saura guda ɗaya, wasan 1989, da masu zaɓen 'yan wasan jiha suka zo. Ina shekara goma sha bakwai, ni ke bugu, Malachi ke jifa, Baba ne alƙali. Jifa na farko na tare, na biyu na ci maki huɗu, na uku da na huɗu na bari suka wuce. Na biyar ya wuce ta gefen sandata, mai tsaron baya ya cafe, suka yi ihu wai ta taɓa. Baba ya ɗaga yatsa ya fitar da ni a gaban mutanen da suka zo domina. Ba ta taɓa ba. Ya yi ne don kada a ce ya yi son kai, ya sayi sunansa da rayuwata. Abin da ya sa nake sayar da tayoyi a Agege ke nan, tunda kin daɗe kina tambaya.

Ki ba shi wannan ma, ki sa wa yaron wani suna, amma ki gyara ƙarshen. Ki ce alƙali bai ɗaga yatsa ba. Ko a bakinki ne a bar ni in gama buguna.

Ki gaida maigidanki da yara.

Ishaku

Keffi, 30 ga Oktoba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba.

Lahadin farko na ba shi 'yan Jos da mangwaro. Ya yi dariya har da tari, ya ce yaran yanzu ma ashe ba su da kunya. Na ji daɗi, na ce bari in yi maka abin da ka roƙa.

Jiya na karanta wa Malachi takardarka kafin mu fara, don ya san inda zai buga. Ya ɗauki sandarsa ya tafi wurinsa. Na sa wa yaron suna Nasir. Jifa na farko, na biyu, Baba yana juya tsakuwa yana gyaɗa kai. Da muka zo na biyar na buɗe baki zan ce ta wuce ba ta taɓa ba, sai Malachi ya goga ƙwallon a gefen sanda, wata 'yar ƙara siririya, ƙis. Daga baya ya rantse mini bai yi niyya ba, hannunsa ne ya yi abin da ya sani.

Na dake na ce, "Baba, ba ta taɓa ba, alƙali ya ce a ci gaba."

Sai ya ɗaga yatsa sama, ya riƙe shi a haka. Ya ce, "Ta taɓa. Kuma wannan ba Nasir ba ne. Wannan wasan Ishaku ne, an yi shi an gama tun kina da kitso biyu." Sannan ya ce, "Adama, kai ni tsakiyar fili."

Na yi ta kawo dalilai, ya miƙe da kansa. Taku goma bai yi ba ƙafarsa ta bugi bulo. Ya durƙusa ya shafa, ya shafa na kusa da shi, ya bi layin da hannu har inda ya iya kaiwa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi Malachi ya zo, ya riƙe hannunsa ya ce, "Sannu da wahala, ɗana." Daga nan ya ce mu je gida.

Tun jiya ko koko bai sha ba. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, ni da kai mun haɗu mun ƙwace. Ina jin haushinka, amma na fi jin haushin kaina, don ni na buɗe baki.

Adama

Legas, 5 ga Nuwamba

Adama ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ki zauna kusa da kunnensa ki karanta masa wannan, ba zan iya faɗa da bakina ba.

Baba, ta taɓa. Na ji ta har cikin wuyan hannuna. Tun muna zama gindin mangwaro kake gaya mana cewa a kurket, in mutum ya san ta taɓa, sai ya saɓa sandarsa ya fita da kansa, ba ya jiran yatsan alƙali. Ni na tsaya. Ka dube ni, ka jinkirta, kana ba ni lokaci in fita da mutuncina, na sunkuyar da kai ina gyara safar hannu. Sai da ka ga ba zan motsa ba ka ɗaga yatsan. Wannan jiran da ka yi shi ne na kasa ɗauka. Na fi shekara talatin ina gaya wa mutane ka zalunce ni, har na kusa yarda da kaina.

Ka yafe mini, Baba. Ɗayyabu zai sake zuwa ƙarshen wata, zan biyo shi. Fili ya tafi, amma zan zauna in ba ka duk wasannin, yadda aka yi su.

Adama, ki lallashe shi ya ci wani abu kafin in iso.

Yayanki,
Ishaku

Keffi, 10 ga Nuwamba

Yaya Ishaku,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso jiya Alhamis. Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, an kai shi bayan azahar. Na kira, lambata tana nan a toshe. Malachi ya kira da tasa sau bakwai, ba ka ɗauka ba.

Na karanta takardar ni kaɗai a ɗakinsa. Bai bar maka saƙo ba, ba zan ƙirƙiro maka ba, na daina wannan aikin.

Da na zo wanke rigar da ya sa ranar Lahadin nan, na tarar da tsakuwa biyar a aljihun hagu, ɗaya a na dama. Biyar ɗin suna wurina. Ta shidan tana cikin ambulan ɗin nan, ka lura kada ta faɗi in za ka buɗe.

Allah ya jiƙansa. Ka gaida iyali.

Adama