Jan Yatsa a Cikin Madubi

Rathenow, 4 ga Maris, 1900

Yayata Hulda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Emil da yara. Yaya ƙafar Mama? A ci gaba da gasa mata da ruwan ɗumi.

Yaya, raina a ɓace yake. Kin tuna Gotthold, wanda muka fara koyon aiki rana ɗaya? To shi Maigida Wendt ya zaɓa ya kai sabon madubin hangen nesanmu baje kolin Paris. Shi fa! Mako uku na yi ina goge gilasan nan huɗu masu kusurwa da ke cikinsa, har jar hodar gogewa ta rine min yatsu, sabulu ya gaza. Shi me ya yi? Ya jera su, ya ɗaure kusoshi. Amma da Maigida ya ɗora madubin a ido ta taga, ya hango agogon coci tar, har tsatsar jikinsa, kafaɗar Gotthold ya dafa. Ni ko kallo ban ishe shi ba. Gogan naki har sabuwar hula ya saya, kuma ba ta yi masa kyau ba.

Ƙaninki,
Alwin

Rathenow, 9 ga Maris

Yaya Hulda,

Ina gaishe ku duka. Ni dai lafiyar jiki kawai gare ni.

Na yi abin kunya. Ranar Talata, kowa ya fita cin abincin rana, na kwance murfin madubin, na danna babban yatsana a kan gilashi ɗaya, na mayar. Nufina a ce Gotthold ƙazami ne. Haushi ya mantar da ni abin da kowa ya sani: masu ɗaurin kusoshi hannunsu fes yake, jan yatsa sai mai gogewa.

Washegari Maigida ya leƙa ya ga dishi-dishi. Ya buɗe a gabanmu, ga sawun yatsa ja zur. Na ce shi ke nan, korata ta zo. Sai Gotthold ya yi caraf ya ce laifinsa ne, wai mun gaisa bai wanke hannu ba. Maigida ya ce marar wanke hannu ba zai je masa Paris ba. Ni ya ce in shirya.

Lokacin da Maigida ya buɗe madubin, ni aka miƙa wa murfin in riƙe. Kin san mai ɗauri yakan zana sunansa da allura a ciki. Ranar Talata don sauri ban lura ba, amma yanzu sunaye biyu na gani, nawa ne a sama.

Jiya Gotthold ya kawo min hular, ya ce, “Ungo, Jan Yatsa, kada ka kunyata mu da tsummar nan taka.” Ya sani, Yaya, a idonsa na gani.

Nadama ya kamata in ji, kuma ina jinta. Amma wallahi abin da ya fi cina shi ne, har a kirki ma ya fi ni.

Kada ki faɗa wa Mama.

Ƙaninki,
Alwin