An Fasa Matakalar Ƙofar Gida

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali? Likita ya kira ni gefe jiya, ya ce Baban yara ba zai ƙara takawa ba, hatsarin ya taɓa lakarsa. Shi bai sani ba tukuna, sai lissafin komawa aiki yake yi. Ƙarshen wata za a sallame mu.

Kai ne magini, ka kuma san gidanmu: matakala a ƙofa, ɗakin kwana a sama. Don Allah ka gyara mana, amma kada ya yi kama da asibiti. Ka san surukinka da son tsari.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Na amsa, Allah ya ba shi sauƙi. Aiki ya kusa. Na fasa matakalar waje na zuba gangara, na faɗaɗa ƙofofi, ƙaramin falo ya koma ɗakin kwana. Tayil ɗin banɗaki mai kaushi na sa saboda santsi, tagar kuma na sauke ta ƙasa yadda mai zaune zai ga titi. Fentin ruwan madara ne. Yaranki sun so shuɗi, na ce ba shagon aski nake gyarawa ba.

Amma kin gaya masa? Ki gaya masa kafin ya gani da idonsa.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban iya ba. Duk lokacin da na buɗe baki sai ya kawo zancen takalman da zai saya.

Da muka iso, ya ce in tsayar da keken guragun da aka ba shi a bakin gangarar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sunkuya ya shafa.

"Siminti ne," in ji shi. "Da na 'yan kwanaki ne, ai katako zai sa."

Ya ce in tura shi ciki. Ya yaba fentin, ya yaba tagar, sai ya juya fuska bango. Tun ranar ko ruwa sai da lallashi. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka.

*

Yaya magini,

Gaisuwa da godiya. Aiki ya yi kyau, ba abin kushewa. Abu ɗaya ya rage: makunnin fitila ya yi mini nisa, kuma ba na so in riƙa kiran ƙanwarka kullum, ta gaji. In ka samu sarari ka zo ka sauko da shi.

Surukinka.