Sa Hannun da Ya Tona Ni

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, tana shan maganin kuwa? Ya yara?

Ni lafiya lau, kada ku damu. Sai dai ki karanta wannan ke kaɗai.

Ranar Laraba makaranta ta raba mana takarda, wai mu faɗi ko mun gamsu da horon jinyar da ake ba mu, ba sai mun sa suna ba. Kowa ya rubuta "madalla". Ni kuwa kin san halina. Na rubuta cewa wata huɗu muna asibiti, ban taɓa sa wa mutum allurar ƙarin ruwa ba sai hannun roba, amma malamarmu ta cike littafinmu wai kowa ya yi sau goma. Na ce ranar da aka bar ni da jariri, littafin ne zai nemo jijiya?

Yaya, a nan duk abin da muka rubuta a takardar majiyyaci sai mun sa hannu da lokaci, wadda ta manta ta sha faɗa. Hannuna ya saba. Sai da na jefa takardar a akwati na tuna na sa mata hannu, har da ƙarfe goma da kwata.

Shugabar makaranta na nemana ranar Litinin. Malamar kuma ita za ta yi mana jarrabawa. Yau ko gaisuwata ba ta amsa ba.

Ki ce Inna ta sa ni a addu'a, kada ki faɗa mata dalili.

Abu ɗaya suka koya mini da kyau, shi ne kuma ya tona ni.

Ƙanwarki.