Na'ura Ta Kunyata Uwarki

Bronwyn,

Na koma asibiti, ban tashe ki ba.

Jiya na tafka abin kunya. Dakta Faleafa ta ce za su zuƙo majinar ƙirjin babanki, na'ura ta gano ƙwayar cutar da ta kama huhunsa cikin awa biyu. Na ce, "Yarinya, shekara talatin na yi a ɗakin gwaji, wannan aikin kwana uku ne." Awa biyu na cika, ina cikin cika baki, sai ga sakamako. Ashe maganin da na nace a ba shi ko gezau ƙwayar ba ta yi. Sun sauya maganin, yanzu an bugo waya an ce zazzaɓin ya sauka.

Gasa kek ɗin ayaba ki kawo wa likitar a sashen kulawa ta musamman. Bakina ba zai iya ba da haƙurin nan ba.

Mamanki