Babanku Ba Dakta Ba Ne

Jidda, ranar Laraba

Zuwa ga autata Ilham,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yayanki Sharhabilu da duk mutanen gida a Lafia. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Tsohuwar da nake jinya tana da nauyin ɗagawa, bayana yakan ɗan taɓa ni, amma da sauƙi.

Na ga hoton takardar gayyatar da kika turo, ta laccar da sashen Fiziks na kwaleji yake yi duk shekara don tunawa da babanku. Allah ya saka musu da alheri. Bana ba a ba ni izinin zuwa ba, sai ki zauna a kujerata.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Sun sa “Dakta” a gaban sunansa. Ilham, babanku ba Dakta ba ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kula da ɗakin gwaji, yana goge gilasai, yana haɗa wa ɗalibai batir da ƙwan fitila. Ki je wurin shugaban sashen, ki gaishe shi da ladabi, ki roƙe shi a cire. Ba na son a jingina wa mamaci abin da ba nasa ba.

Ranar laccar ki kira ni, ki bar wayar a kunne. Turancin dai ba ganewa zan yi ba. Ni ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, amma ina son in ji an faɗe shi daidai.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Zuwairatu