Yadda Kyaftin Ya Tuƙa Jan Jirgin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya yi wa nemanka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har tana leƙa maƙwabta, Auta kuma watan haihuwarta ya kama, Allah Ya raba lafiya. Baba ne dai idon sai a hankali, daga bakin ƙofa ba ya shaida mutum sai ya yi magana, ga rawar hannu ta ƙaru. Na zaɓi takarda a kan waya ne don maganar ta fi ƙarfin bakina.

Yaya, jan jirgin Baba, ƙaramin jirgin saman nan mai rimot, ya tafi. Wanda dai ka sani, na rataye a rufin ɗakin aikinsa, wanda ya shekara guda yana yanka haƙarƙarin fiffikensa ɗaya bayan ɗaya da reza, yana kafe su da allura a kan zane har gam ya bushe. Shi ne na ƙarshe da ya haɗa kafin hannu ya ƙi. Ka tuna yadda yake alkafura a sama, ya mirgina sau huɗu a jere, ya wuce ta gabanmu a kife kamar an ja masa layi. To, mijin Auta ya gama da shi.

Ba ka san yadda mutumin nan ya koma ba. Wata shida ke nan da ya shiga harkar jirage, ya sayo na soso irin wanda ake fito da shi daga kwali a haɗe, mai maɓallin da in ka rikice ka danna ya miƙe da kansa. Kafin ya iya sauke shi ba tare da ya karya taya ba, har ya sayi hula mai tambarin fukafukai da baƙin gilashi. Don shaƙiyanci muka sa masa Kyaftin, bawan Allah sai ya riƙa amsawa yana gyara tsayuwa. Bai taɓa manna katako biyu ba, bai san kukan inji mai ƙoshi da na mai yunwa ba, amma in ya buɗe baki a fili sai ka rantse shi ya koya wa tsuntsaye tashi. Shi ne ya dame Baba da naci, wai jirgi kamar wannan asara ce a bar shi ƙura tana ci, wai tsohon rimot mai doguwar eriya ya zama kayan tarihi, a bari ya ɗaura masa nasa sabo. Baba yana marmarin jin kukan injin nan, sai ya yarda. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya ci min rai. Shekara ashirin ina riƙe masa wutsiya yana tayar da inji, bai taɓa miƙo min wannan jirgin ba.

Wata Asabar da safe muka fita filin nan na bayan tsohon sito, muka zaunar da Baba a kujera. Ka san dokarsa da ya cusa mana tun muna yara: kafin jirgi ya tashi, a tsaya a bayansa, a tura sandar rimot dama, a ga ɗan kunnen da ke bayan fiffiken dama ya ɗaga, a faɗa da baki kowa ya ji. Kyaftin kuwa ya miƙa wa abokinsa waya a ɗauke shi hoto, saboda haka sai ya tsaya a gaban jirgin, inda hularsa za ta fito da kyau. Ya tura sanda dama, kunnen da ke damarsa ya ɗaga, ya ɗaga murya ya ce komai daidai. Ko yaron goye ya san damar wanda ke fuskantar jirgi ita ce hagun jirgin. Sabon rimot ɗin nasa ya juya kunnuwan, shi ko a jikinsa.

Ni ne a baya, riƙe da wutsiya, kuma na gani da idona. Na yi shiru. Na ce a raina bari dai ya sha kunya, iyakaci jirgin ya karkace tun a ƙasa, farfela ta karye, a yi masa dariya a gaban wayar tasa, in ya so in karɓa in gyara a gaban Baba. Na manta wanda ya haɗa jirgin. Don kyan haɗin Baba, jirgin ya miƙe sak, ya tashi ba ko tangaɗi, ya yi sama sosai. Da Kyaftin ya zo juyawa dama, jirgi ya kwanta hagu. Mai hankali da ya saki sanda ya yi tunani, shi kuwa sai ya ƙara dannawa, yana laluben maɓallin ceto da babu shi. Jirgin ya kife, ya sako hanci ƙasa da cikakken gudu, ya daki dandamalin simintin da ke gefen sito. Kukan injin ya yanke lokaci guda.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce a miƙo masa guntun fiffike, ya daɗe yana shafa shi da yatsa. Sai ya tambaya wa ya tsaya a baya, na ce ni ne. Ya tambaya ko rana ce ta kashe min ido. Bai sake tambaya ba, ai shi ya koya min duban kunnuwan nan.

Washegari sai ga Kyaftin da ɓaraguzan cikin buhu, ba hula ba gilashi, ya durƙusa yana sharɓe, wai a koya masa ya gyara ɓarnarsa. Na zaci Baba zai sallame shi. Yanzu kullum bayan la'asar yana ɗakin aiki, yana yanka haƙarƙari a karkace kamar wanda ke yankan kabewa, Baba yana shafawa yana cewa a sake. Falle shida na katako ya lalata a mako ɗaya, ya yanke yatsa sau biyu, har yau riƙon reza bai iya ba. Shekaranjiya na kasa jure kallon wannan ta'asa, na shiga na ɗauki rezar in nuna masa. Baba ya ji motsina, ya ce cikin sanyin murya in ajiye, aikin an riga an ba wani. Yana amsa gaisuwata kamar kullum, amma daga nan ba ya ƙarawa.

Abin da nake roƙo, ka aiko mana da katakon nan mara nauyi da kake samowa a can, falle ashirin, don wanda ya rage ba zai kai ƙarshen wata ba a hannun wannan gwani. Ka gaishe min da matar Yaya, da mai sunan Baba, da 'yar lelena, ka ce kawunsu yana kewarsu. Umma tana gaishe ku, Auta ma haka, ita har yanzu ba ta san ni ne a baya ba, kuma ina roƙon kada ta ji daga bakinka. In ka tashi aiko da katakon, ka rubuta sunan Kyaftin a jikin kwalin, don mukullin ɗakin yana hannunsa yanzu.

Wassalam,
Ƙaninka mai bi maka.