Ka Cire Hula Ka Aiko Mani Hoto

Maradun, ranar Laraba.

Yaya! Yaya Abdulmumini, kai da kake can Agege, da ana kira daga nan a ji, da yau ka ji ni har murya ta dushe. Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah takardar ga ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ɗalibanka da ake ce mani sun cika maka zaure. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Baba da Umma, ya sa suna cikin rahama. Mu nan da sauƙi. Ƙafar maigidana Malam ta warke, yana zuwa masallaci da kanshi. Hadizatu ta yaye ɗiyarta. Sabon wurin ga da aka maido mu tun da ruwan dam ya ci garinmu na da, har yau bai zama gida ba, amma muna zaune. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san iyakata ajin yaƙi da jahilci. Ban ba kowa ya rubuta mani ba, don maganar ba wadda zan sa a bakin wani ba ce.

Maganar ɗana Ɗanbaba ce, takwaran Babanmu. Rabonka da shi tun yana ɗan shekara tara. Yanzu shekararshi ashirin da uku, yana tuƙa tifa a wurin aikin dam, suna kwasar ƙasa wajen Bakura inda ake gina hanyoyin ruwa. Tun da ya shiga aikin ga ya daina zama gaban wanzami. Ya tara suma irin ta samarin kudu da suke aiki tare, tuli guda bisa kai, ga matsefi kullum a aljihun baya. Malam ya yi faɗa har ya gaji ya sa ido. To bara da kaka aka ce kowane ma'aikaci ya yi hoton katin aiki, kuma sai an cire hula. Da hoton ya fito, Yaya, sai ga goshin ya shige ciki ta gefe biyu, kamar an share da tsintsiya. Shi bai taɓa lura ba sai ran nan. Ya shigo ya aje mani katin bisa tabarma. Ni kuwa ina dubawa na ga goshinka, na ga na Baba.

Daga ran nan yaron ga bai sake samun natsuwa ba. In ya taje kai sai ya tsaya yana duba abin da ya maƙale a matsefin. Ya sayo madubi har biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Da farko ya ce hular kwanon da suke sawa wurin aiki ce ke cinye mashi gashi, ya daina sa ta, helma, shugabansu a wurin aiki, ya ce ko hula ko ya aje makullin mota. Ya koma ya shafa man shanu, ya shafa albasa har ɗakin ba ya shiguwa. Ya je kasuwar Talata a Mafara ya sayo wani baƙin magani a kwalba wurin masu lasifika. Da duk ba su yi ba, wani cikin direbobi ya ce mashi man birki na tsiro da gashi. Ya shafa, Yaya. Fatar kan ta ɗuri ruwa ta saɓule. Kwana goma ina wanke mashi da ruwan ɗumi da gishiri yana cije haƙora. Ciwon ya warke, amma inda ya ƙone ya fi da haske. Yanzu ko tuwo zai ci ba ya cire hula, ya rame, ya bar zama dandali da sa'o'inshi.

Ga inda na yi ɓarnar, kuma kai kaɗai nake faɗa wa. Wata huɗu da suka wuce an yi suna gidan Batulu, yayar Malam, wadda ka sani ba ta taɓa ganin gidanmu na Garbadu da gashi a ido ba. Mata cike da tsakar gida, sai ta ɗaga murya ta ce su dai kaf zuriyarsu ba mai sanƙo, har kakansu da ya shekara tamanin da gashinshi aka rufe shi, ko a wurinmu aka kwaso? Kusa da ni kuwa uwar Taiba ce zaune, yarinyar da Ɗanbaba ke nema a Tsibiri, wadda shi da ita suna son juna ƙwarai. Na ga matar ta aje ludayi tana jiran abin da zan ce. Sai na ji bakina ya ce babu, mu ma ba mu da shi, ban taɓa gani ba. Har da wallahi na haɗa, Allah ya gafarta mani. Na san ba mai ƙaryata ni. Baba ya rasu kafin a kawo ni gidan ga, kuma ko da yana raye ba a ganin shi ba rawani. Kai kuma zuwanka biyu, ba ka taɓa cire hula gaban surukai ba.

Na ɗauka maganar ta mutu nan. Ashe Batulu ta ɗauke ta ta tafi da ita. Ta ce tun da ba gado ba ne, to hannu ne aka sa wa yaron. Ka san mu nan in wanzami ya yi aski, sai a tattara gashin a tona rami a binne, don kada wani ya ɗauka ya yi mugun abu da shi. Shi kuwa Ɗanbaba wurin wani mai almakashi yake zuwa a bakin sansanin ma'aikata a rage mashi sumar, gashin a bar shi nan ƙasa iska na yawo da shi. Batulu ta bi ta bincika har aka ce mata wata rana Dikko ya raka shi, ya duƙa ya ɗebi gashin a hannu yana dariya, ya ce wanga ai ya isa a cika matashin kai. Shi ke nan. Ta haɗa da cewa su biyu suka yi gwajin tuƙi rana ɗaya, aka ɗauki Ɗanbaba aka bar Dikko yana aikin shebur. Ta ce ga dalili, ga shaida.

Ko ka tuna Dikko? Ɗan Nagode ne, maƙwabciyata tun garinmu na da, katanga ɗaya. Lokacin da na haifi Ɗanbaba na kwanta ciwo wata biyu, ita ta shayar da shi tare da nata. Nono ɗaya suka sha. Ran da aka kwashe mu, mota ɗaya muka shiga da ita, tukwanenmu a haɗe, har yau akwai murfinta a ɗakina. Yaron nan ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kau da kai. Amma Ɗanbaba ya yarda, don ya fi mashi sauƙi a ce wani ya yi mashi da a ce haka kanshi zai tafi. Wata biyu ke nan ba ya amsa sallamar Dikko. Makon jiya suka haɗu a bakin babbar hanyar ruwa, inda aka zuba siminti ga zurfi ya fi tsayin mutum biyu, Dikko ya ce mashi wai me ya yi ne, sai Ɗanbaba ya shaƙe mashi wuyan riga. Da ba a raba su ba ban san wanda zai faɗa ciki ba. Tun ran nan in na ji ƙarar mota ta tsaya ƙofar gida sai in fito da gudu in ga ko lafiya.

Na kira shi ɗaki na faɗa mashi gaskiya. Na ce sunan Baba ya ci, kuma kan Baba ya ɗauko. Na ba shi labarin yadda Baba ke warware rawani zai yi alwala, kan yana ƙyalli, mu muna leƙe ta bayan rumbu. Na ce kai ma, kawunshi, ba ka kai shekarunshi ba gaban kanka ya tafi, har ina yi maka waƙa kana bi na da gudu, ka tuna? Na ce duk da haka ka yi aure, ka yi karatu, mutane na duƙa maka. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Inna, ke kika rantse gaban mata babu. Yanzu don ki kare ɗan ƙawarki za ki ƙirƙiro mani kaka mai sanƙo?" Ya tashi ya fita. Ni na rufe wa kaina baki.

Yanzu ga inda aka kai. Batulu ta matsa wa Malam, shi kuma ba ya iya musu da ita don ita ta raine shi. Ya ce shi bai yarda da zargi ba hujja ba, amma don a kashe wutar, jibi Juma'a bayan an sauko masallaci a kira Dikko zaure gaban liman da dattawa ya dafa Alƙur'ani. Yaya, ka fi ni sanin nauyin wagga magana. Ko ya rantse ya fita, an riga an ce ɗan Nagode ne aka sa ya dafa Littafi kan sammu, wa zai ba shi ɗiya a garin ga? Gidajen biyu kuma sun rabu ke nan har abada. Mutane kuwa tun da aka tashe su daga gonakinsu ransu a kusa yake, abu kaɗan sai a ɗauko sanda. Malam bai san na yi ƙarya ba. Sau uku ina kai mashi abinci da niyyar in faɗa, sai in aje kwano in fito.

Abin da nake roƙo gare ka, don Allah don zumunci, kada ka yi dariya. Ka je wurin mai hoto ka cire hula, ka sa ya ɗauke ka yadda kan zai fito sosai, gaba da sama. Ka rubuta a bayan hoton da hannunka shekarar da ya fara maka, da cewa Baba ma haka yake. Ka ƙara mashi kalma biyu irin taku ta maza, ka ce mashi ba ciwo ba ne, ba hannun kowa ba ne, ya je wanzami ya kwashe sauran ya huta. Yana jin maganarka ko da bai san ka sosai ba, takardarka ta bara tana cikin akwatinshi. Wakili direba zai tashi daga Mafara gobe da asuba da lodin albasa, shi zai kawo maka wagga, kuma ya ce zai jira amsa. Na lissafa, ko ya yi sauri sai ya kwana goma. Juma'a kuwa jibi ce. Tun ɗazu nake juya wannan a raina, hoton zai gyara Ɗanbaba in Allah ya so, amma ba zai iso ya tare Dikko daga zauren nan ba. In na buɗe baki, Batulu ta samu abin faɗi har in mutu, kuma ban san yadda mutanen Tsibiri za su ɗauke mu ba.

Ka gai da takwarata Yaya Fatimatu da kyau, ka ce na gode da atamfar. Ka gai da Hamidu da Adama da sauran yara, da Kawu Ummaru in yana nan bai koma Shagamu ba. Malam da Hadizatu ba su san ina rubutu ba, amma na san da sun ce a gaishe ku. Ka sa mu cikin addu'a, ka sa ɗalibanka su

Yaya, ana buga ƙyaure. Tsaya.

Muryar Nagode ce. Shekara ashirin da biyar matar ga ba ta taɓa buga mani ƙofa ba, shigowa kawai take yi tana kiran sunana, yau ga ta tsaye waje tana sallama kamar baƙuwa. Malam yana zaure, zai ji duk abin da zan ce mata. To ya ji. Ba zan jira hoton ba, amma ka aiko shi. Ka cire hular.

Ƙanwarka Fadimatu, bari in buɗe mata.